Suna Ranar da Rana Ta Yi Aman Wuta

Tun jiya masu hasashe suka sanar cewa rana za ta yi aman wuta, aka kashe lantarki da wayoyi duk garin. Inna Kande ko a jikinta. Yau sunan jikarta, mata cike da gida, ba mai latsa waya.

Tattabarun mijinta kuwa sai kewaya sama suke, aman ranar ya ruɗa su, sun kasa gane gida.

"Malam, Isuhu uban jaririya fa yana hanya," ta ce. "Motocin yanzu da kansu suke neman gari, ga shi rana ta ruɗa na'urori."

"Ku dai ci gaba da daka," in ji Malam.

Mata suka kama lugude. Tattabara ɗaya ta sauko. Can sai ga Isuhu a ƙafa, yana dariya.

"Mota ta ɓata, Inna. Turminki na biyo."