Gefen Inna

Kai da kake cewa shekaru sun shiga tsakaninka da ƙaninka har ba ka san da wane baki za ka fara yi masa magana ba, gyara zama ka ji. A wani gari na bakin kogin Kwara an yi wani mai fito da ƙaninsa, jirgi ɗaya suke tuƙawa tun suna samari. Wan yana zaune a baya da filafili, ƙanin yana tsaye a goshin jirgi da gora yana duban ruwa. To, ka san na goshi in zai yi magana sai ya juyo, da ya juyo kuwa hannun damansa ya zama hagun wansa. Ranar da ubansu ya fara sakar musu jirgin, ƙanin ya hango dutse, ya juyo ya ce a yi dama, wan ya yi tasa damar, sai ga su a kan dutsen, albasar mutane tana yawo a kogi kamar 'ya'yan agwagwa. Uban bai taɓa lafiyarsu ba. Ya ce hagu da dama na mutum ne, in ya juya su juya, amma gefen jirgi yana nan inda yake. Gefen da uwarsu ke zama in za ta haye kasuwa ya sa masa suna gefen Inna, wanda shi yake tsoma filafili ya sa masa gefen Baba, kuma duk wanda aka kira, can za a karkata. Iyayen suka zo suka rasu, sunayen suka zauna a jikin jirgi.

Ana nan sai zuciyar ƙanin ta tashi, ya ce kogi ya yi masa kaɗan, ya tafi Ikko ya shiga aikin manyan jiragen teku. Sau ɗaya ya aiko wani mai fataucin goro da saƙo, wai a gaya wa Yaya, can ma ba sa cewa hagu da dama, kowane gefe da sunansa, ɗaya da jar fitila ɗaya da koriya, kuma shi a ransa mai jar fitilar yake kira gefen Inna. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Wayyo, mai fito ya yi kewa! Ya ɗauki abokan aiki, wannan ya zo wancan ya tafi, bai koya wa ko ɗaya sunayen ba, ya ce ba kayan aro ba ne. Sai dai in jirgi ya kai tsakiyar ruwa a kan ga leɓensa yana motsi shi kaɗai. Duk motar da ta sauke mutane a bakin kogi sai ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Furfura ta zo, yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zama mutane inuwa kawai yake gani. 'Ya'yansa suka yi juyin duniya ya ajiye filafili, ya ƙi. Ya ce duk ranar da ƙaninsa ya dawo a nan zai nemi fito, kuma ba wani ne zai haye da shi ba. Abin da ke hana shi sukuni kuwa shi ne kada yaron nan ya zo ya wuce ta gabansa bai gane shi ba. Yaro yake ce masa har yanzu, ka ji fa.

Wata ranar kasuwa, damina ta cika kogi maƙil, jirgi ya ɗauki mutane da awaki da buhuna. Cikinsu akwai wani dattijo baƙo da ya shiga ya je ya takure a goshi. Suna tsakiyar ruwa sai ga wani ƙaton kututture ya taho a guje. Mai gora ya ruɗe, mata suka sa salati, wannan na cewa hagu, wancan na cewa dama, kowa da inda ya fuskanta. Mai fito ya riƙe filafili, ba ya gani, bai san ta wa zai bi ba. Sai wata murya ta keto hayaniyar daga goshi: "Gefen Inna, Yaya!" Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya danna filafili, jirgi ya karkata, kututture ya goga gefen Baba ya wuce. Mutane suna ta hamdala, shi kuwa ya ɗora filafili a cinya yana kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa, suna tsammanin tsoro ne. Ashe ƙanin tun safe yake tsaye a bakin kogi yana kallon wansa, kunyar shekarun da ya yi shiru ta ɗaure masa harshe, ya shirya magana ya kwance, ya shirya ya kwance. Mai fito bai tambaye shi ina ya shige ba. Ya share ido da bakin riga, ya ce wa mai gora ya miƙa wa baƙon gorar, don akwai sauran ruwa a gaba.

To ka ji. Kai ma kuna da wata kalma da babu wanda ya san ta sai ku biyu, tashi ka je ka faɗe ta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ɗan'uwa rabin jiki.