Tarin da Ke Cikin Kaset ɗin Kawu

Shekarar da gero ya ƙone a gonaki, aka rage ma'aikata a Batsari, Kawu yana cikin waɗanda aka sallama. Ina 'yar shekara tara. Ranar da zai tafi kudu neman aiki, na same shi a zaure bayan La'asar, yana zuba wa rakoda batiran da ya shanya a rana.

"Zo ki zauna, Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Kiɗan fiyano ne na mutum ɗaya, ba ganga ba waƙa. Sai ya taho a guje, ya tsaya cik, ya sake lalubo wata hanya. Kawu ya ce a gaban taron jama'a aka ɗauka, can wata ƙasa, kuma makaɗin kansa bai san inda yatsunsa za su kai shi ba.

Ana cikin wani ɗan shiru, sai wani ya yi tari a cikin taron. Na waiga, na zaci a zaurenmu ne.

"Kullum a daidai nan yake tari," Kawu ya ce. "Wataƙila ya daɗe a kabari, amma ga shi muna jin sa."

Batiran suka yi sanyi, kiɗan ya riƙa ja kamar nishin majinyaci. Kawu bai kashe ba har ya ɗauke da kansa. Sannan ya rataya jakarsa.

Har yau ba mu yi masa sadakar uku ba, don babu wanda ya zo ya ce mana ya rasu.