Kwalbar Auta

Ɗigo biyu kawai amarya take matsawa a tafin hannunta, ta mayar da kwalbar inda ta same ta, bayan ƙofar banɗaki, gefen tsintsiya da buroshi.

Kwalbar ba tata ba ce. Ta Auta ce, ƙanwar mijinta 'yar jami'a, mai fuska sumul kamar ɓawon ƙwai. A jikinta akwai hoton wata mata tana murmushi da kumfa a kumatu. Tun ranar da gwaggon miji ta ce, cikin raha, za a iya suya da maiƙon goshin amarya, ta fara satar ɗigo biyun nan. Roƙo ya fi ƙarfin bakinta. Wata uku da zuwanta gidan, ko ƙarin gishiri ba ta taɓa nema ba.

Kumfa kuwa ba a magana, ga ƙamshin lemun tsami. Kuma abin da albarka: ta sha ganin ruwan ya kusa ƙasa, washegari ta tarar ya dawo wuya. Ta ce a ranta, masu boko ba sa bari nasu ya yanke.

Mako na biyu fuska ta fara ɗaurewa. Na uku ta soma saɓa, gefen hanci ya yi ja, kumatu suka yi dabbare-dabbare. Ta koma jan mayafi har cikin ɗaki.

Da rana tsaka surukarta, Mama, ta dube ta da kyau, ta ce, “'Yata, ko dai man bilicin kika fara? Gidan nan ba a yi.”

Amarya ta girgiza kai kawai. Mama ta ce to shi ke nan, ranar Juma'a mahaifiyar amarya za ta zo, sai ta faɗa a gabanta.

Ɗaukar kwalbar zuwa kemis sata ce ta biyu, don haka ta tsuguna a banɗaki da biro, ta kwafe ƙananan rubutun baya harafi-harafi a takardar kalanda. Mai kemis ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa kan wata doguwar kalma.

“Wannan shi ke sa kumfa. Ba guba ba ne, yana cikin sabulun gashi, har da na wanke-wanke da na goge-goge, sai dai can an fi zuba shi da ƙarfi. A na fuska kaɗan ne, a wanke a ɗauraye. Mai busasshiyar fata yakan ɗan ja ta.” Ya ɗago ya kalle ta. “Amma irin wannan saɓa, Malama? Kin tabbata shi kaɗai kike shafawa?”

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi ma bilicin yake nufi. Ta karɓi ɗan man da ya ba ta ta fito, ba ta ko waiwaya ba.

A hanya ta auna abin. Ko a kira ta mai bilicin a gaban uwarta, ko ta kira kanta ɓarauniya a gaban uwar mijinta. Ta zaɓi wadda take gaskiya.

Ta tarar da Mama a falo tana ninke wanki, Auta na kwance tana latsa waya. Ta shiga banɗaki ta ɗauko kwalbar, ta durƙusa, ta ajiye ta a tsakiya.

“Mama, ku yafe ni. Ba bilicin ba ne. Sabulun fuskar Auta nake ɗiba kullum ba da saninta ba. Mai kemis ya ce ba ya cutarwa, fatata ce ba ta so.”

Mama ta sauke ajiyar zuciya. “Haba 'yar nan, a kan sabulu? Auta, ai ba komai ko?”

Auta ta ajiye wayar. Ta tashi zaune a hankali, ta dubi kwalbar, ta dubi fuskar amarya, ta dafe ƙirji.

“Innalillahi! Anti, ai na fuskar ya ƙare tun kafin bikinku. Sabulun wankin masai nake ɗurawa a ciki.”