Waƙar Inna a Tashar Jabi

Ina 'yar firamare Inna ta rasu. Abin da ta bar mini shi ne wata 'yar waƙa da take rerawa da yarensu na Gbagyi idan tana mini kitso. Babana mai haɗa kiɗan finafinai ne. Ya taɓa sa ni na rera masa ita a gaban fiyano yana naɗa, ya ce don kada mu manta ne kawai, ba mai ji sai mu biyu.

Wata rana da la'asar ni da Baba muna ratsa tashar Jabi, sai na ji ta daga lasifikar mai sayar da kaset. An ƙara mata sauri da ganguna, wata mace na rera kalaman soyayya a kai, 'yan kamasho sai rausayawa suke yi.

Na ja rigarsa. "Baba, waƙar Inna ce!"

Ya yi murmushi. "Kin ji yadda na gyara ta?"

Ni ban taɓa sanin ta lalace ba.

Yau idan na zauna yi wa 'yata kitso, na buɗe baki zan rera mata ta Inna, tasa ce ke fitowa.