Waƙar Mahaifina a Bakin Wani

Shekaruna saba'in da ɗoriya, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara sittin da aukuwa. A lokacin mahaifina matashin makaɗin kukuma ne a Fagge. Wata la'asar ya riƙe hannuna muka tafi wani ƙaramin gidan rawa a Sabon Gari, inda aka ba shi share fage kafin wani babban mawaƙi ya fito.

Ya rera waƙar da ya tsara wa mahaifiyata, mai sayar da waina. Jama'a suka miƙe, har matar da ke da gidan ta bar tukunyarta tana rausaya. Sai babban mawaƙin ya taso, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "Yaro, wannan waƙa ta fi ƙarfin bakinka. Koma cikin 'yan amshi."

Nan take ya maimaita ta, ya cire sunan mahaifiyata, ya sa na wata attajira da ke zaune a gaba. Mahaifina kuwa, kansa a sunkuye, shi ya yi masa amshi.

Jiya na ji waƙar a rediyon wani mai adaidaita, zuciyata ta tafasa. Yaron ya ce, "Baba, Allah ya jiƙan mai waƙar nan." Na ce, "Amin, amma ba wanda kake nufi ba."

Kada a ce na yi wa mamaci ƙage. A ranar, wani tela mai suna Lasisi yana wurin, haka ma Baffa Sani, wanda har yanzu yake da ransa.