Ranar da Kifayen Elbe Suka Sha Gahawa

Fiete Lührs ya shiga jirgin ruwan yawon yamma fuska a murtuke. Bai tsaya wurin mai duba tikiti ba, shi ma mai dubawar bai tsayar da shi ba. Ya wuce can baya kusa da tuta, ya ja wuyan rigar sanyinsa shuɗiya, ya zauna. Kafin ya gyara zama, mai rabon abinci ta dire masa kofin giya da burodi mai kifi a ciki, ba albasa. Ko kallonta bai yi ba. Ba cin kifi ya kawo shi ba.

Wadda ta kawo shi tana can gaba riƙe da makirufo. Sunanta Gesa, ita ke yi wa baƙi bayanin tashar jiragen ruwan Hamburg ta ƙasar Jamus. Mace ce mai furfura, da hular ulu shuɗiya, da murya kamar ƙahon jirgi. Kowace yamma, da zarar an zo daidai tsofaffin rumbunan kaya, sai ta kawo labarin wani direban injin ɗaga kaya da ya hango budurwa a bakin gaɓa, ya saki aikinsa ya ɗaga mata hannu bibbiyu, buhunan gahawa suka zube cikin kogin Elbe. Ba ta taɓa kama suna ba. Ba sai ta kama ba, duk wanda ya taɓa sauke kaya a tashar nan ya san mutumin.

Ga shi Asabar mai zuwa ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan tasha za ta ɗauki hayar wannan jirgi don ta karrama Fiete, a matsayin direban da ya gama aiki ba a taɓa rubuta masa hatsari ba. Za su zo da matansu da jikokinsu. Ya roƙi Gesa ta cire labarin. Ya lallasa, ya yi faɗa, har gaisuwa ya daina yi mata. Ta ce labarin nan ne ke sa baƙi su ƙara giya, ba inda za shi. Shi ya sa yau ya zo ya ƙaryata ta a gaban jama'a, ta yadda bakinta ba zai sake ɗaukarsa ba.

Rana ta yi ja a bayan injunan ɗaga kaya. Jirgin ya karya kwana, rumbunan suka bayyana, Gesa ta gyara murya ta fara. Tana kaiwa wurin ɗaga hannu, Fiete ya buga kofi a tebur.

"Ƙarya take!"

Jirgi ya ɗauki tafi.

Abin da fushi ya mantar da shi ke nan. Tun zamanin kakanni, in jirgin baƙi ya gifta, ma'aikatan tasha kan ɗaga murya su ce wa mai bayani ƙarya yake. Shi kansa Fiete ya sha yi daga saman injinsa. Baƙi sun san al'adar, jiranta ma suke yi, in ba su ji ba sai su ga kamar an rage musu wani abu.

Gesa ta yi godiya ga dattijon da ke baya, ta ce ai daɗin labari sai da mai gardama. Sannan ta ƙara gishiri. Ta ce kogin ya yi baƙi ƙirin har unguwar Altona, mutane suka fito da kofuna da madara. Ta ce kifaye sun yi mako ido a buɗe, ba barci.

Fiete ya sake ƙaryata ta, jijiyar wuyansa a miƙe. Aka sake tafi, har da fito. Wani ƙato ɗan Bavaria, can kudancin ƙasar, ya matso da wayarsa, bakinsa duk maiƙon kifi, ya ce, "Baba, kullum kake wannan wasan? Ka iya wallahi. Sake ɓata ran in ɗauke ka."

Nan haƙurin Fiete ya ƙare. Ya miƙe. Daidai lokacin wani ƙaton jirgin kaya ya wuce, igiyar ruwa ta jijjiga su, kofuna suka yi karo. Ya tafi yana dafa kujeru, ya taka ƙafar wata mata, ya ture farantin wani, baƙi suna buɗe masa hanya suna dariya, a zatonsu duk cikin shirin ne. Matuƙin jirgin ya leƙo, ya ga ko wane ne, ya mai da kansa ciki.

Fiete ya fizge makirufon.

"Ku saurara. Ni ne direban nan da take faɗa. Buhu sun zube, ban musa ba. Amma igiya ce ta tsinke. Ban ga wata budurwa ba, ban ɗaga wa kowace mace hannu ba. Ko akwai ta ma, ba ta kai in saki aikina saboda ita ba."

A karon farko ba wanda ya yi tafi. Sai ƙarar inji da kukan tsuntsayen ruwa. Fiete ya ja numfashi, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ci nasara. Ranar Asabar zai zauna cikin abokansa da mutuncinsa.

Gesa ta karɓi makirufon a hankali, ba ta kashe shi ba. Ta sa hannu ta daidaita masa wuyan riga, rigar da ita ce da ma ta saƙa.

"To, jama'a, kun ji," ta ce. "Ni kuma don gahawar nan na aure shi. Fiete, ka sake tunani da kyau kafin mu isa gida: igiya ce, ko ni ce?"