Kwalekwalen Tsoho a Misfala

A shekarun sittin, duk unguwar Misfala babu wanda ake yi wa dariya kamar Tsoho, mutumin da ya ƙera kwalekwale a Makka. Shekara ashirin ya yi yana fito a kogin Shari kafin ya zo hajji ya zauna. Ya lura in an yi ruwa mai ƙarfi, duwatsu lungunsu suke juyo wa ambaliya, ga matarsa Ɗaso ƙafafu sun shanye. Sai ya haɗa katakai ya girke jirgi a ƙofar gida, don ranar da zai fitar da ita.

Jirgin katako kuwa ba ya son bushewa, in rana ta gasa shi sai haɗin ya buɗe. Saboda haka kullum da safe Tsoho kan zuba masa garwa biyu ta ruwa.

Maƙwabta suka ga banza ta faɗi. Aishatu ta riƙa kwashe ruwan tana wanki, awaki su lashe saura. Idris mai shayi ya zare tsumman da aka toshe haɗin da shi, wai mai kwalta ne, yana saurin kama wuta. Wasu kuma can suke juye toka da ɓawon kankana.

Ran Tsoho ya ɓaci. Ya sa aka rubuta masa takarda, ya kai wa Ja'afaru, wakilin da ke isar da kukan lungun ga hukuma.

"Ya ammi, haba Baba, ƙarar jirgin ruwa a Makka?" in ji Ja'afaru. "Wane ofis zan shiga da ita ba a ce na taɓu ba? Bukra, sai gobe, inshallah."

Takarda bakwai Tsoho ya kai. A kan ta bakwai ɗin aka ɗora masa kofin shayi.

Wata Laraba da hantsi sama ta ɓalle. Kafin azahar ruwa ya kai ƙugu. Tsoho ya goyo Ɗaso ya fito, sai ya tarar jirgi ya cika da mutane. Ja'afaru ne a gaba rungume da rediyonsa, Idris da Aishatu a baya.

"Yalla, maza, Baba Tsoho, tuƙa mana!" suka ce.

Ko igiya ba a kwance ba, jirgin ya sha ruwa ta kowane haɗi, ya zauna da su a ƙasa. Ja'afaru ya ɗaga rediyo sama yana ihu a kira hukuma.

Tsoho bai ko dube su ba. Ya kama hanyar tudu da matarsa a baya. Dab da ƙarshe santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Ɗaso ta tsira, amma daga ranar gidan ya zama na guragu biyu, babu mai ɗebo wa wani ruwa.

Jama'a, kayan maƙwabci ba na wasa ba ne don kawai ba ku gane amfaninsa ba. Kai kuma da aka ba amanar kukan mutane, ka saurara tun ƙasa tana bushe.